Duwatsun Baba Kiyomatsu

"Baba, ajiye dutsen nan! So kake zuciyarka ta tsaya a hanya?"

Fumie ta bar dankalin da take shanyawa ta bi maƙwabcinta da gudu. Tsoho Kiyomatsu, wanda ya shekara hamsin yana kaɗa ƙararrawar cocin tsibirin, ya rungume dutse kamar jariri, yana gangarawa bakin teku.

"Inda na ɗauko shi zan mayar," ya ce yana haki. "Koma ga dankalinki, hankaki sai godiya suke miki."

Tun kakanni, duk mai zuwa ibadar Lahadi sai ya ɗauko dutse ɗaya daga gaɓa ya ɗora a katangar coci. Bana, da teku ya cinye rabin farfajiya, wani injiniya ya zo ya ce ai duwatsun gaɓar su ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa. Ashe da hannunsu, da ƙaunarsu, suka kwashe wa cocin garkuwarsa. Fada, limamin cocin, ya sanar: ranar da ruwa ya taɓa matakalar coci, ranar za a rufe ƙofa, a koma ibada a zauren taro na kan tudu.

"Shekara fiye da ɗari ana kwasa, kai kaɗai za ka mayar?" in ji Fumie.

"Nawa kawai, 'yar nan." Ya zauna a kan yashi. "A cocin can na fara ganin matata Sumako cikin farin mayafi, har na manta amin. A can aka yi mata addu'ar ƙarshe. Ni kuma in na mutu sai a kai ni zauren taro na kan tudu, kamar kwandon kifi?"

Fumie ta kau da kai, hawaye ya cika mata ido. Daga ranar ta daina hana shi. Ita ke riƙe masa sanda.

Wata safiyar Alhamis ta kai masa miyar kifi, ta tarar gidan a buɗe. A gaɓa ta same shi, jingine da ɗan tsibin duwatsunsa, fuskarsa na kallon coci, hannunsa ya yi sanyi.

Ranar jana'iza, Fada ya daɗe tsaye a ƙofar coci yana duban ruwan. Saura taku uku ya kai matakala.

"Fada, ai bai taɓa ba," Fumie ta ce.

"Bai taɓa ba," ya amsa. "A buɗe."

Aka yi masa addu'a a ciki, ƙarar teku na haɗiye rabin waƙar. Ba wanda ya iya kaɗa ƙararrawar irin tasa.

Da aka fito, Fumie ta tsaya a katanga ta zare dutse ɗaya. Rana ta ɗumama shi. Ta ji motsi a bayanta, tsofaffi cikin fararen mayafai, kowa da nasa a ƙirji. Ta gangara ta ajiye shi kusa da na Baba. Igiyar ruwa ta zo ta jiƙa shi, ta jiƙa mata takalmi, ta koma.