Gawayin da Ya Sha Dalma

...kuma ga sakamakon gwajin a hannunta. Gubar dalma da ke cikin ruwan ta sauka. Ta sauka ƙasa da iyakar da hukuma ta gindaya, sau uku aka auna, sau uku. Wa ya ce ba za ta iya ba?

Tana tsaye bakin kududdufin da ruwan juji ke tsiyayewa ciki, baƙi ƙirin kamar tsohon man inji, wari kuwa ba a magana. Shekara huɗu tana shaƙarsa. 'Yar Juji, haka yayyenta ke kiranta, ta shigo gida a toshe hanci ana dariya. To, su zo su gani. Ganguna shida da ta jera da hannunta, kowace cike da gawayin ƙaiƙayin shinkafa — ruwa ya shiga da guba, gawayi ya riƙe dalmar, ruwan ya fito ta bututu fes... fes wallahi, sai ka ce ba shi ba.

Injiniyan nan mai tumbi da ya yi mata ba'a tun farko — "Ƙaiƙayi, Malama? Ai ba kaji muke kiwo ba." Yau ina bakin nasa? Daɗi har cikin ranta take ji, kuma ba za ta ɓoye ba.

Saboda Baba ne ai. Lambunsa na gangaren jujin, ruwan nan ya bi kwari ya shiga alayyafo, alayyafo ya shiga cikin jikoki... tana tsaye likita ya karanta gwajin jininsu, Baba ya sunkuyar da kai. An wuce wurin yanzu. Ita ta wanke ruwan nan, ita, autar da aka ce ta je ta karanto shara.

Ta zagaya bayan rumfa, inda ake tara tsohon gawayin da ya ƙoshi da guba kafin a kai shi ramin siminti a binne. Ina buhunan? Ko ɗaya babu, sai sawun baro a laka.

Maigadi yana ta murmushi. "Babanki ya kwashe tun makon jiya. Ya ce abin da 'yarsa ta haɗa ai taki ne mai albarka, ya watsa a lambu."

Ta gaya masa kuwa cewa tsohon gawayin guba ne? Ta gaya wa injiniya, ta gaya wa hukuma, shafi arba'in ta rubuta... Baba fa? "Gawayina yana aiki, Baba," iyakar abin da ta ce masa ke nan, yana ta washe baki.

Makon jiya... sau biyu aka yi ruwan sama tun lokacin. Dalmar ta riga ta shige ƙasar lambu ke nan. Da wane ido za ta dubi tsohon nan, yana cikin wannan murna, ta ce masa a tuge lambun duka?