Motocin da Jabiru Ya Fesa

Shekara shida Jabiru ya yi a Kaduna yana wankin mota kafin rasuwar mahaifinsa ta dawo da shi Kankara. Ya samu fili a bakin titi, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ya kafa tanki da ɗan injin feshin ruwa, ya kama aiki. Masu wankin mota ba su yi ƙaranci a garin ba, amma shi ya zo da abin da ba su da shi: maganin da ake fesa wa fenti bayan an wanke, ya ƙara masa sheƙi, ya kuma kare shi daga rana da ruwa.

Kala uku ya sayo, kuma bai yarda ya taɓa motar kowa da su ba sai da ya gwada. Ya karɓo tsohuwar ƙofar mota baƙa wajen wani mai walda, ya raba ta uku da salatif, ya fesa wa kowane ɓangare nasa, ya jingine ta da bishiyar inda tsuntsaye ke yi mata kashi, ruwan damina na dukanta. Kullum da safe sai ya wanke ta da omo ya duba.

Na farin gwangwani ya fi ɗaukar ido a ranar farko, mutum har yana ganin haƙoransa a ciki, amma wanki huɗu ya tafi da shi. Mai jan murfi ya kai sati uku, sai dai yana barin zane idan aka goge shi cikin rana. Na ukun, wata 'yar baƙar kwalba da ake kira siramik, sheƙinsa bai kai na farko ba. Amma bayan wata biyu, idan aka zuba masa ruwa, sai ruwan ya dunƙule ƙanana ƙanana ya gangare, ya bar wurin a bushe.

Matarsa Mansura takan kawo masa abincin rana ta same shi tsugune gaban ƙofar.

"Maigida, wai mi kake nema a jikin ƙarhen nan?"

"Wanda ba zai ba ni kunya ba," in ji shi. "Kuma na same shi."

Wanda ya fara kawo mota shi ne Malam Mani, direban haya da ke bin hanyar Kankara zuwa Funtua, abokin marigayi mahaifin Jabiru. Tsohuwar mota ce, amma da ta bar ƙarƙashin bedin sai da 'yan tasha suka zagaye ta. Bayansa Alhaji Abdulgafar, mai sayen masara daga Faskari, ya kawo tasa. Kafin damina ta raba, Jabiru ya fesa wa motoci sun fi arba'in, har daga Sabuwa ake zuwa.

Hanyoyin yankin dama ba lafiya gare su ba. 'Yan bindiga na fitowa daga daji su tare mota, su shige da mutane. Kowa ya san haka, kowa kuma yana fita, don ba a cin abinci a zaune.

A cikin watan takwas aka tare Alhaji Abdulgafar kusa da Mairuwa da hantsi, aka tafi da shi. Bayan kwana tara aka tare wata motar a hanyar Sabuwa. Sati biyu da haka aka buɗe wa Malam Mani wuta wajen Mabai. Shi ya tsira, amma fasinja biyu ba su tsira ba.

Ba wanda ya san bakin da maganar ta fara fitowa. A shagon mai shayi dai wani ya ce ai motocin nan ukku duk Jabiru ya fesa masu magani. Wani ya ce shi ya sa suke walƙiya daban, ana hango su daga kan dutse. Kafin Juma'a ta zagayo, labarin ya zama cewa alama ce yake saka wa motocin masu hali, mutanen daji su gani su san wadda za su tare. An tare motoci da yawa a watan, waɗanda Jabiru bai taɓa gani ba, amma ba wanda ya tsaya yin wannan lissafi.

Shi Jabiru a bakin Mansura ya ji, ranar da ta dawo daga gidan suna ba ta ci komai ba.

"Ina shiga aka yi tsit," ta ce. "Wata ta janye ɗiyarta daga kusa da ni."

Ya yi dariya, ya ce zancen banza ne, zai wuce. Amma washegari tun safe har la'asar ko keke ba a kawo masa ba.

Ranar Talata da azahar Ɗanhausa ya zo da mutum huɗu. Shi ne shugaban 'yan sintirin unguwar, kuma ƙanensa na cikin fasinjojin da suka mutu a motar Malam Mani. Bai yi sallama ba. Ya ɗauki buta ya zuba ruwa a kan ƙofar gwajin, ya tsaya yana kallon yadda ruwan ke gudu daga ɓangare ɗaya.

"Kai Jabiru, mi ya sa ruwa ke tsoron nan wurin?"

"Shugaba, aikin maganin ke nan. Don kada ruwa ya zauna ya ci fenti."

"Su wa suka ba ka shi?"

"Saye na yi a Kaduna. Ga kwalbar, rubutun na jiki, a kira wanda ya iya Turanci ya karanta maku."

"Kuma don mi ka raba ƙohwar ukku? Wace alama ce ta wa?"

Jabiru ya fara bayani, wannan ya fi sheƙi, wannan ya fi daɗewa, wannan yana barin zane. Yana cikin magana ya lura ba mai saurarensa. Mutane sun taru a tsallaken titi, cikinsu har da waɗanda ya yi makarantar allo da su. Ba wanda ya tsallako.

Kwana uku suka riƙe shi a wani kango a bayan gari. Sun bincike wayarsa, sun kira kowace lamba. Sun doke shi a tafin ƙafa da bayan hannu, suna tambayarsa sunayen da bai sani ba. A rana ta uku Malam Mani ya je da mai unguwa, ya dafa Alƙur'ani ya ce shi ya san yaron nan tun yana goye, kuma shi da ƙafarsa ya kai motarsa, ba kiran shi aka yi ba. Suka sake shi. Ɗanhausa bai ce ya yarda ba, cewa ya yi ba su samu komai ba tukuna.

Yatsu biyu na hannunsa na dama ba su ƙara miƙewa daidai ba.

Bayan sati ɗaya ya lallaɓa ya koma wurin aiki. An sace injin, an fasa tankin. Yana tsaye yana kallon ɓarnar sai ga Malam Mani ya tsaya da motarsa, gilashin baya an liƙe da leda, ramukan harsashi uku a ƙofa. Amma fentin na nan yana sheƙi kamar jiya aka yi shi.

Dattijon ya fito, ya daɗe yana gaisuwa, yana tambayar hannu, yana tambayar Mansura. Sannan ya kawar da kai.

"Jabiru, alfarma na zo nema. Ka cire mani abin nan."

"Baba, kai ma?"

"Wallahi ni ban yarda da zancensu ba. Amma kwana goma ke nan ina lodi, ba mai shiga. Mata na zuwa su ga motar su koma ta bayana. Na wanke da omo, na wanke da toka, ya ƙi hita. Ina da baki goma sha ɗaya a gida."

Jabiru ya san abin da zai fitar da shi. Ya aika aka sayo sanfefa mai laushi, takardar kankare fenti, ya jiƙa ta, ya kama da hannun hagu. Tun daga murfin injin ya fara. Kowace shafa sai fentin ya yi fari, ya dushe, kamar an watsa masa ƙullu. Malam Mani ya zauna a gindin bedin ya juya wa motar baya. Sai da aka kira la'asar aikin ya ƙare. Da dattijon ya sa hannu a aljihu, Jabiru ya girgiza kai. Malam Mani ya shiga motar, ya daɗe bai tayar ba, sannan ya tafi.

A cikin satin ne labari ya zo cewa Alhaji Abdulgafar ya rasu a daji, ciwon suga ya tashi masa babu magani. Da Jabiru ya ce zai je ta'aziyya Faskari, mai unguwa ya aiko masa cewa kada ya kuskura.

Daga nan abubuwa suka bi juna. Mai gidan da suke haya ya ce yana son ɗakinsa, ɗansa zai yi aure. A masallaci, idan Jabiru ya shiga sahu, sai na kusa da shi ya matsa ya bar tazara. Mahaifin Mansura ya zo daga Tafoki da kansa, ya zauna a zaure, ya ƙi shan ruwa.

"Ba raba ku na zo yi ba," ya ce. "Amma yarinyar nan na da ciki wata bakwai. In aka zo ƙone gida, ba a tambayar wa ke ciki. Ta zauna wajen uwarta har ƙura ta lafa."

"Baba, ban yi komai ba."

"Na sani. Su ma waɗanda aka kashe a bara a kan irin zancen nan, wasu ba su yi komai ba."

Mansura ta ɗaure kayanta tana kuka ba sauti. A bakin ƙofa ta ce, "Ka tahi kai ma, don Allah. Kada ka kwana garin nan kai kaɗai."

Da safe ya je tasha da jakarsa. Mota uku suka cika a gabansa, kowane direba na ce masa ba wuri, alhali yana ganin kujera. Ƙarshe wata babbar mota ce ta baƙi, mai ɗauke da buhunan masara, ta yarda ya hau baya.

A Funtua ya nemi aikin wanki wuri biyu. Na farko ya kalli hannunsa ya ce a'a. Na biyu ya ɗauke shi, bayan kwana huɗu wani direban Kankara ya gan shi, washegari aka sallame shi. Yanzu dako yake yi a kasuwar hatsi, yana kwana a rumfar wani mai awo. Idan aka tambaye shi garinsu, sai ya ce shi mutumin Kaduna ne.

Mansura ta haihu bayan an yi girbi. Ranar suna ta aro waya ta kira shi, yana tsakiyar sauke buhu daga wata mota. Ta ce mace ce, an sa mata Amatullah. Ya tambaya ko zai iya zuwa ya gan ta, ko na yini ɗaya. Ya jiyo muryar mahaifinta daga nesa.

"Baba ya ce a ƙara haƙuri," ta ce.

"Har yaushe?"

"Bai ce ba."

Mai motar ya ƙwala masa kira, saura buhu ashirin a sama. Jabiru ya ce ta shafa masa kan yarinyar, ya kashe wayar, ya koma ya juya baya aka ɗora masa.