Kowace Tsirkiya da Layinta

Watanni ke nan da yatsu biyu na hannun hagun Mai Jita suka sage, ƙaramin da na kusa da shi. Ko tukunya mai zafi ya taɓa da su ba ya ji. Bai gaya wa kowa ba, balle yayansa, mawaƙin ƙungiyar, wanda shi ke ɗauka shi ke kora. Mutumin da ya sallami mai ganga saboda yawan tari, ai ba a kai masa labarin yatsa.

Abin da ya rufa masa asiri tsohon akwatinsa ne, wanda ake takawa da ƙafa. Akwatin nan haɗa sautin tsirkiya shida yake yi, ya dama su wuri guda, ya fito da gurnani. A cikin wannan damu, wa zai gane tsirkiyar da ba a danne da kyau ba?

Da hantsi shi da Yaya suka shiga situdiyo, suka tarar da injiniya yana ta washe baki kamar an yi masa haihuwa.

"Yau tsohon akwatinka zai huta," in ji shi, yana miƙa wa Mai Jita wata jita. "Wannan kowace tsirkiya da hanyarta. Masu kauri in ba su gurnani, sirara in ba su amsa-kuwwa, ba mai shiga harkar wata. Kai, ko tsirkiya ɗaya kake so ka saurara ita kaɗai, sai ka ji ta."

Mai Jita ya karɓi jitar. A allon kwamfuta layi shida ne a jere, kowace tsirkiya da nata, suna jiransa.

"Ni dai na fi sabawa da nawa," ya ce.

"Kaɗa mana, Malam," Yaya ya ce. "Ba hira muka zo ba."

Ya kaɗa. Layi huɗu suka yi ta tsalle, biyu kuwa sai su ɗan motsa su kwanta. Injiniya ya kashe sauran ya bar biyun nan, lasifika ta fitar da wani ƙwas-ƙwas mai ban kunya.

"Wayar ce, ina jin," Mai Jita ya yi saurin cewa. "Sabon kaya ai ba a yarda da shi."

Injiniya ya karɓi jitar ya kaɗa da kansa, layi shida suka tashi garau. Tsoro ya hana Mai Jita waiwayawa. Ya kafa wa allon ido yana ta kawo dalilai, ko kujerar ce, ko sanyin ɗakin, ko bai karya da kyau ba.

"Auta," Yaya ya ce a hankali. Rabon da ya kira shi haka tun suna yara. "Dubi hannunka."

Ya duba. Ashe tun ɗazu Yaya na riƙe da ƙaramin yatsansa, ya nutsa farce a ciki har jini ya tsattsafo.

"Tun yaushe?" in ji Yaya, idonsa cike da ƙwalla.