Tumatirin Noeline

A Dunedin, garin da sanyin hunturu kan kai har watan Oktoba, ko yaron goye ya san ba a dasa tumatir a waje sai an wuce hutun ranar ma'aikata, can ƙarshen Oktoba. Graeme Tulloch ma ya sani, shekararsa sittin da huɗu a garin. Amma mai hasashen yanayi ya fito a rediyo ya ce kwana goma za a jera ana rana, hunturu ya naɗe kayansa ya tafi, kuma ya faɗa da muryar wanda da shi aka yanke shawarar. Ranar Lahadi Graeme ya kwashe dashensa goma sha biyu daga bakin taga, ya kai bayan gida ya dasa, bai rage ko ɗaya ba.

Irin Noeline ne, matarsa da ta rasu shekara biyu da suka wuce. Tumatir ne mummuna, mai tsaga-tsaga, ba ka samunsa a kowane shago. Duk shekara takan shanya 'ya'yan a kan takarda ta adana a ambulan. Bara ko buɗe ambulan ɗin bai iya ba. Bana ya daure ya shuka duk abin da ke ciki, sha biyun nan kaɗai suka fito. In sun mutu, irin ya ƙare ke nan.

Ranar Talata ya hau bas ya gangaro cikin gari da gajeren wando, zuwa shagon kayan gini inda yake aiki. Wajen sha ɗaya rana ta ɓace. Kafin sha biyu dusar ƙanƙara ta rufe motocin da ke bakin titi, shagon ya sayar da sheburinsa na ƙarshe. Rediyon da ke kan kanta kuwa yana nan yana cewa wataƙila a ɗan samu yayyafi a kan tsaunuka.

Graeme ya cire rigar aiki ya ce wa mai shagon yana da mara lafiya a gida. A ganinsa bai yi ƙarya ba.

Bas ɗin ta yi tafiyar hawainiya har gindin tudun unguwarsu, nan ta tsaya. Direbar, wata mata mai suna Moana, ta ja birki ta zaro kwalbar shayinta.

"Jama'a, nan ne ƙarshen duniya na yau. Kowa ya kama gabansa."

"Haba 'yata, ki ɗan gwada mana," in ji Graeme. "Minti biyar ne fa."

Sai ta nuna masa gaba da kofi. Wata jar mota ce ke gangarowa a karkace, tayoyinta ba sa juyawa. Mai motar ya ɗaga musu hannu cikin ladabi, ya wuce.

"Shi ma gwadawa ya yi, Baba," in ji ta. Ta dubi gwiwoyinsa. "Kai ma rediyo ka saurara, ko? Sannu."

Fasinjoji suka shiga tuɓe safa suna sa ta a kan takalmi, kamar yadda ake yi in tudu ya yi santsi. Graeme ma ya tuɓe tasa, ya mayar da ƙafa tsirara cikin takalmin, ya ja safar a kai. Ya kama hawa yana dafa shingayen mutane. Sau biyu yana faɗuwa. A ta biyun wani mutum da ke saukowa zaune a kan kwali ya gaishe shi, ya ce yau an ɗan yi sanyi. Graeme ya ce ƙwarai, an ɗan yi. Tafiyar minti biyar ta ci masa awa guda.

Bai shiga gida ba, ya zagaya baya. Lambun ya zama fari fat, sai kawunan sandunan da ya kafa. Ya durƙusa ya tona da hannu. Na farko ya kwanta, ya yi baƙi, ya yi laushi kamar dafaffen alayyafo. Ya tona na biyu, na uku, har na sha biyun, duk da tun a na huɗu ya san amsar. Daga nan ya zauna a cikin dusar. Ji ya yi kamar yau aka yi masa rasuwar.

"Sun tafi?"

Beryl ce, maƙwabciyarsa, tsohuwa mai shekara tamanin, ta leƙo ta saman shinge da hular ulu har gira.

"Sun tafi, Beryl. Na kashe mata tumatir. Shekara talatin tana riƙe da irin nan, ni a shuka ɗaya na gama da shi."

"Shekara talatin wa? Tashi daga nan kafin kai ma a tono ka. Sau uku tana kashe shi."

Graeme ya ɗago kai.

"Sau uku," in ji Beryl. "Noeline ai ba ta da haƙuri. Da ta ga rana ta kwana biyu sai ta kwaso su waje. In sanyi ya cinye su, ta zo nan da kek a faranti, in ɗibar mata iri. Na kakata ne, gwangwani guda gare ni. Takan ce, 'Beryl, don Allah kada Graeme ya ji, yana yawo yana gaya wa mutane hannuna ba ya kuskure.'"

"Ba ta taɓa faɗa mini ba."

"To, shi ne amfanin kek ɗin."

Dusar ƙanƙara na ta taruwa a kansa. Yana jiran kunya ko haushi, sai ya ji wani daɗi mai ciwo ya cika masa ƙirji. Shekara biyu ke nan duk abin da ya sani game da matarsa tsoho ne, ya juya shi ya sake juyawa har ya suɗe. Bai zaci akwai sauran wanda bai ji ba.

"In kawo maka irin?" in ji Beryl.

"Bar shi tukuna," ya ce, yana dafa shingen ya miƙe. "Me kuma ta ce kada in ji?"