Gefen da Bai Saba da Rana Ba

Ni na dasa saguaron Doña Herminia, kuma na san abin da ke cinsa, amma sai da na yi sati uku ban buɗe baki ba.

Mijinta Anselmo ne ya shuka wannan icen ƙaya na hamada tun bai wuce gwiwa ba, ga shi yanzu ya fi ni tsawo. Da ya rasu, 'yarsu ta ce uwar ta dawo gidanta a gabashin Tucson. Tsohuwa ta ce ba inda za ta ba tare da icenta ba. Sai aka kira mu, ni da Kawu Rosendo, da yake aikin lambu muke yi.

Kafin mu tono shi Kawu ya ɗiga masa farin fenti. "Efraín, nan ne gefen kudu, shi ya saba da rana. Can ma kudu zai kalla. Ka ji ko in rubuta maka a goshi?"

Ranar dashen Kawu yana wani aikin. Na duba gefen mai fenti, duk tabo, ɗayan kuwa kore shar, sumul. Tagar tsohuwa tana kudu da ramin. Na ce a raina ai gara ta riƙa ganin mai kyau, sai na juya shi. Fentin ya koma arewa, ta wajen katanga inda ba mai leƙawa.

Da Yuni ya kama, zafi ya kai sitiyarin mota ba ya taɓuwa. Koren gefen nan ya fara rawaya, daga baya ya yi fari fat. Doña ta ɗauka ƙishi ne. Kullum da safe sai ta jawo tiyo ta sakar masa a gindi.

Na ce, "Doña, ki rage ruwan nan. Sau ɗaya a wata ya ishe shi."

"Ji mini yaro! Kai da ka shanye mini jug ɗin lemo ɗazu, kai ne mai hana wani ruwa?"

Na yi dariya kawai. Yana ƙara fari, tana ƙara ruwa.

Ranar wata Talata Kawu ya biyo ni. Ya soka sandar ƙarfen da muke gwada laima da ita a ƙasa, ta shige har hannunsa, ta fito da taɓo. Ya durƙusa ya danna gindin icen. Wurin ya lotsa, wani baƙin ruwa mai wari ya tsattsafo.

"Wa ke yi wa wannan wanka?"

Doña ta saki tiyon. Ta zauna a bakin ƙofa a hankali, ta ce, "Ashe ni na kashe shi. Shekara arba'in bai mutu a hannun Anselmo ba."

Nan na kasa ci gaba da ɓoyewa. Na ce, "Ba ke ba ce, Doña. Ƙunar rana ce, ba ƙishi ba. Ni na juya shi."

Kawu ya zagaya ya ga fentin. Ya cire hula, ya mayar. "Kai dai kanka ado ne, ko? Na ce kudu!"

"So na yi ta riƙa ganin gefen mai kyau."

Tsohuwa ta dube ni. "Tabon da ka ɓoye mini, Anselmo ne ya yi shi da bayan mota, ranar da yake koya mini tuƙi. Tun da na zo nake nemansa ta taga." Ta juya wajen Kawu. "Rosendo, a juyo shi mana."

"A wannan zafin? In muka sake tono shi, ya tafi ke nan."

Kawu ya yanke ruɓaɓɓen wurin da wuƙa har ya kai tsoka mai tauri, ya barbaɗa garin magani. Na hau tsani na rufa wa icen baƙar raga don inuwa. Kawu ya ce in yankan ya bushe cikin sati biyu, akwai rai, amma ko ɗigo kada a ba shi.

Muna haɗa kaya ta kira ni. Ba ta kalle ni ba.

"Efraín, naɗe tiyon nan ka tafi da shi. Gobe da safe zan ga icen a tsaye cikin rana, ban yarda da hannuna ba."