Ihun Shiru-Shiru

Naushinta ya sauka a kan buhun atisayen da ke rataye, amma bakinta na rufe.

"Ban ji ba," in ji Koci, matar da ke koya musu kareti a tsohon siton bayan kasuwa. "Naushin da ba ihu rabin naushi ne. Sake!"

Shiru-Shiru, kamar yadda ake kiranta, ta sake. Tun safe take tsaye a shagon wanki da guga na yayanta, har yanzu ji take kamar dutsen gugar na rataye a hannunta. Sauran 'yan matan in sun kai naushi sai kwanon rufin ya amsa. Ita kuwa, da ko sallama sai an ce ta maimaita, iska kawai ke fita daga bakinta.

Yau Koci ke zaɓar masu shiga gwajin ɗamara, jarrabawar ƙarin matsayi a kareti. Yaya ya riga ya yanke hukunci: in ba a zaɓe ta ba, ta bar wannan tsalle-tsallen, yammacinta ya koma na shago. Da kansa ma ya zo, ya jingina da ƙofa yana kaɗa makullin babur.

"Koci, kar ki wahalar da kanki," ya ce yana dariya. "Wannan ko ƙafarta kika taka, ita za ta ba ki haƙuri. Duk abin da aka ce mata, 'to' ne."

"Ko tari ki yi, 'yar'uwa, mu ce ihu ne," in ji Doguwa, abokiyar karawarta.

Koci ba ta yi dariya ba. Ta nuna Shiru-Shiru. "Kowa ya huta. Ban da ke."

Ta ci gaba. Gumi ya cika mata ido. Fatar yatsunta ta saluɓe, tana barin jan tabo a jikin buhun. Wata murya a kanta, mai ladabi irin tata, tana ta lallashi: zauna mana, ai kin yi ƙoƙari. Gwiwarta ɗaya ta kai ƙasa.

"Shi ke nan," in ji Yaya. "Tashi mu tafi, Auta, ga kaya can jibge. Kin gaji, ki ce kin gaji."

Kalmar "to" ta taso har maƙogwaronta kamar kullum. Ta haɗiye ta. Ta miƙe, ta ja numfashi har cibiya, ta saki hannun dama.

"A'a!"

Sarƙar buhun ta yi ƙara. Tattabarun rufin suka watse. Makullin ya suɓuce daga hannun Yaya.

"Koci, ai ba haka ake ihun ba," in ji Doguwa.

"Haka ake nata," in ji Koci, ta juya ga Shiru-Shiru. "Ranar gwaji ki zo da farin kayanki."

Yaya ya sunkuya ya tsinci makullinsa. "Kin gama ke nan? Mu tafi?"

"Saura hagu," ta ce a hankali, ba ta ko juyo ba.

Ya dubi ƙofa, ya dubi buhun da ke lilo. Ya zauna a bakin benci.

"To," ya ce.