Rediyon Malam Gado

Kwana goma suka rage Ramla ta tafi aiki Bur Sudan, kuma ba abin da ya dame ta irin kunnen kakanta. Malam Gado ya shekara hamsin yana noman auduga a hawasharsa, wato gonarsa ta ban ruwa, ido ras, amma kunne ya yi nauyi. In aka kara masa waya sai ya ce sauro ne ke kuka a ciki. Ita kuwa tun tana rarrafe shi ne abokin hirarta. Tsoronta ta tafi, muryarta ta daina isa gare shi.

A shagon Hashim, abokin karatunta mai gyaran wayoyi a kasuwar Rufa'a, ta tsinci wata sifika marar waya cikin tarkace. Jikinta a fashe, amma ƙararta kamar ta masallaci. Ta kai wa tsohon. Ya juya ta sau biyu, ya miƙo mata.

"Wanga abin kiɗin samari masu tuƙa keken raksha na. Ni da hurhurata? La la, amarya, kai ma wani ango." Haka yake kiranta, wasan kaka da jika.

Ramla ba ta ja da shi ba, ta san taurin kansa, don ita ta gada. Ta lalubo wani tsohon hoto, inda yake zaune a inuwa rungume da rediyonsa na katako, wanda ya mutu tun ba a haife ta ba. Ta zana irinsa a kwamfuta, da ragar gaba, da manyan maɓallai biyu, da marataya. Hashim yana da wani inji mai narka zaren roba yana gina abu layi bisa layi. Yini biyu injin yana saƙa akwatin, ya cinye ɗan zare mai ruwan ƙasa da ya rage a shagon kaf. Ta goge shi, ta manna ƙyallen buhu bayan ragar, ta cusa sifikar ciki.

Kai, zo ka ga tsoho! Rediyo a hammata zuwa gona, rediyo a hammata zuwa majalisa. 'Yarsa, Goggo Asma'u, tana sako masa karatu daga wayarta, shi kuwa yana murɗa maɓallan da ba sa murɗa komai.

Ana gobe tafiya, Ramla ta shiga Rufa'a yankar tikiti, Goggo ta fita barka, cajin rediyon kuma ya ƙare. Malam Gado ya yi abin da ya saba yi wa batura tun yana saurayi, wato shanya su a rana su farfaɗo. Ya nemi ƙofar batur bai samu ba, sai ya ɗora rediyon ɗungurungum kan kwanon ɗakin awaki, tun hantsi har la'asar, a ranar bazara.

Da Ramla ta dawo bai ce mata amarya ba, bai ma ɗago ido ba. A ƙarƙashin gadonsa ta sami rediyon, naɗe cikin rawani. Fuskar ta zazzago gefe guda, marataya ta lanƙwashe, maɓalli ɗaya ya nutse. Dariya ta taso mata, kuka ya riga ta zuwa. Babu sauran zare, mota kuma da sassafe.

"Na kashe shi ko, ɗiyata?" in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Tsaya tukun, Kaka."

Ta jona shi a sola. Suka zuba masa ido har ɗan koren haske ya kama.

"Kwayyis, madalla," in ji tsohon. "To tahi bayan darni ki yi magana, in ji yadda za ki zo min daga can."

Ta zagaya bayan darni, ta aika saƙon murya wayar Goggo, wadda ta dawo tana ta salati. Goggo ta kunna saƙon, sai ga muryar Ramla ta cika tsakar gida daga karkataccen bakin rediyon: "Ango, ka sha maganinka?"

Malam Gado ya matso da shi kan cinyarsa. Shi a ganinsa tunda muryar ta shiga akwati, mai ita ta yi nisa, don haka kunya ta sake shi. Ramla kuwa taku uku ne tsakaninsu, tana jin komai.

"Ina jinki sarai," ya ce wa rediyon. "Ban so tahiyar nan taki ba, ban dai hwaɗi ba. Ki riƙa magana kullum, ko ba ki da abin cewa."